Ba Mu Ƙetare Gadar Numan Ba

Ko da tsufa zai share komai daga kaina, ba zan manta da ranar da na zauna daram cikin jirgin sama a filin jirgin Yola ina rantsuwa da Allah ba Yola muke ba. Ni mutuniyar Yako ce a ƙasar Ƙiru, hannuna bai taɓa riƙe biro ba. Hajara matar ɗana Sani ce take rubutawa, ni ina faɗa. (Ga ta nan, tun ban fara ba ta toshe baki da mayafi. Yi dariyarki, 'yar nan, ai ni na jawo.)

Dole in fara da Malam, Allah ya jiƙansa, don tushen maganar daga wurinsa yake. Malam mijina ne, tun ina yarinya aka kawo ni ɗakinsa, muka tsufa tare. Bara da damina ya kwanta 'yan kwanaki, masararsa ta fara fitar da gemu, ya tafi bai ci ko gasasshiya ɗaya ba. Har yau in na dama koko da safe sai in ga na ɗauko kofi biyu. Ni ba na ɓoye kukana. Wanda ya zo gaishe ni ya tarar ina yi, sai ya nemi wuri ya zauna har in gama.

Autarmu Rabi a Yola take aure. Mijinta ɗan Tudun Wada ne, aiki ya kai shi can, yana cikin masu kashe gobara na filin jirgin sama. Baban Ummi nake ce masa, ba na kama sunansa. Ku riƙe wannan da kyau: tun ranar da ya fara zuwa gaishe mu har zuwa ranar nan da nake ba ku labarinta, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. Haka aka koya mana. In ya zo gaisuwa yakan cire takalmi a ƙofar ɗaki ya durƙusa, ni ina daga ciki na ja mayafi na sunkuyar da kai. Abin da nake gani ta ƙasan labule ƙafafunsa ne kawai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. Ko mun je gidansu a Yola, in na ji motsin shigowarsa sai in shige ɗakin yara.

Rabi ta haifi 'yan mata uku a jere. Malam yana son su kamar ransa, amma takwara yake nema. Kullum sai ya ce, "Ranar da Rabi ta haifi namiji, ko da rarrafe sai na je sunan nan. Hular nan tawa ta Juma'a da hannuna zan ɗora masa." Yana da rai aka gaya masa ta sake samun ciki. Bai ga haihuwar ba. Na gama takaba, aka ƙara 'yan watanni, sai ga waya: namiji ne, kuma sunan Malam za a sa masa. Na shiga ɗaki na ciro hular nan daga ƙasan akwati, na rungume ta na yi kuka mai isata. Na ce Malam, tunda kai ba ka samu zuwa ba, ni zan kai maka.

To, hanyar Yola ni na san ta kamar hanyar rijiyar gidanmu. Da Malam muke zuwa. Mu fita bayan asuba, mu ratsa dajin Falgore, mu bi ta Jos, mu wuce Bauchi, a tsaya a Gombe a yi salla a ci abinci. Daga nan sai duwatsun Kaltungo, sai a ƙetare babbar gadar Numan. In ka ga ruwan nan shimfiɗe a ƙarƙashinka, to ka fara gyara kaya, Yola ta kusa. Ba mu taɓa isa da sauran rana ba. Ƙafafu sun kumbura, baya ya sage, sai Rabi ta dafa mana ruwan zafi.

A zuwanmu na farko wani abu ya faru a Gombe. Mota ta tsaya, na sauka neman ruwan alwala, na ɗan yi nisa. Ina dawowa na hango motarmu ta fara tafiya. Na dinga gudu ina ihu, takalmina ɗaya a hannu. Ashe Malam yana ciki ya riƙe wuyan rigar direba yana cewa, "Wallahi ko ka tsaya ko mu faɗa rami tare!" Malam da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa! Aka tsaya na shiga. Ya ce, "Daga yau kin daina sauka a hanya. Ko me kike so ni zan sauka in kawo miki. Kar ki kuskura ƙafarki ta taɓa ƙasa sai kin ji na ce miki, sauko, an iso." Haka kuwa muka yi ta yi. Duk zangon da aka tsaya, shi ya sauka, ni in tsare mana wuri da kaya. Har sauran fasinjoji sukan bar mini ajiyar jakunkunansu.

Da aka yi haihuwar nan sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Ban samu kaina ba sai da suna ya rage kwana biyu. Sani ya ce ba zai sa ni a mota da wannan jikin ba. Ana cikin haka Baban Ummi ya bugo ya ce ya saya mini tikitin jirgi daga Kano zuwa Yola, ana gobe suna.

Na ce, "Sani, jirgin nan da yaushe yake isa?"

Ya ce, "Inna, kamar awa ɗaya ce fa. Kafin ki gama jan carbi kun sauka."

Na ce to. Amma a raina na ce yaron nan ya mayar da ni jaririya. Ai haka malaman asibiti suke cewa allura ba zafi. Yola ce awa ɗaya? Daga Yako zuwa Kano ma awa ɗaya ba ta kai ka. Na zauna na yi nawa tunanin: mota a ƙasa take, tana tashi ta kama hanya, amma duk da haka sai ta wuni. Jirgi kuwa sai ya fara hawa can sama tukuna, sannan ya kama tafiya, sannan ya sauko. Ai hanyarsa ta fi ta mota tsawo! In ya yi sauri ƙwarai, na ce, ma isa da magariba. (Ban gaya wa kowa wannan lissafin ba. Da na faɗa wa Hajara ma da ta cece ni.)

Saboda haka na yi guzuri irin na mutanen da suka san tafiya. Dambun nama, dafaffen rogo da ƙuli, dabino, goro, fura cikin jarka, ga buta, ga maficina, ga 'yar dardumata. Hular Malam na naɗe ta cikin sabon zane na sa a ƙasan jakar hannu. Da yamma na zaga unguwa gida gida ina neman gafara, don ban taɓa jin wanda ya hau sama daga layinmu ba sai masu zuwa Makka. Wata maƙwabciyata har ta riƙe ni muka yi kuka.

Da safe Sani ya ɗauke ni a mashin zuwa Kwanar Ɗangora, muka shiga bas. Bas ɗin nan ta tsaya ɗaukar buhunan masara, ta tsaya sauke su, ta tsaya direba ya gaisa da abokinsa. Sai da rana ta take muka isa filin jirgin Kano. Wannan ya ƙara tabbatar mini da lissafina. Na ce ka ji, Kano ma da take nan bayan gida ke nan.

A ƙofar shiga aka ce fura ba za ta wuce ba. Na ce me fura ta yi muku? Aka ce doka ce. Haka na miƙa wa Sani jarkar ina hararar ma'aikacin. Sani ya damƙa ni a hannun wata ma'aikaciya, ya durƙusa ya ce, "Inna, Baban Ummi zai tarbe ki a can. Ki riƙe jakarki da kyau, kar ki ba kowa."

Na ce, "Ni za ka koya wa tafiya? Tun ba a haifi matarka ba nake shiga mota."

Aka kai ni har kujera, aka ɗaure ni da wata ɗamara. Kusa da ni wata Hajiya ce mai ƙiba, mai fara'a, ita ce a jikin taga. Da abin nan ya fara gudu ya ɗaga hanci sama, babu salatin da ban yi ba. Na ji hanjina ya rage a Kano. Sai kunnuwana suka toshe, kamar na nutse a rafi. Duk maganar da ake yi sai in ji ta daga nesa. Ni kuma ashe in na buɗe baki, muryata har bayan jirgi ake ji. (Wannan daga baya aka gaya mini. Ni a zatona raɗa nake yi.)

Da hankalina ya ɗan dawo na leƙa ta kafaɗar Hajiya. Ga gajimare a ƙasanmu kamar an baza auduga a shanya. Na ce Allah mai iko, yau ni ce a saman hadari. Na tuna Malam da yake wuni yana kallon sama yana cewa ko za a yi ruwa. Na ce da kana nan da ka ga inda ake ajiye shi. Na share hawaye da gefen mayafi.

Sai ga 'yan matan jirgi sun turo wani ɗan teburi mai taya, suka miƙa wa kowa ɗan burodi kamar tafin hannun jariri da ruwan roba. Na juya shi, na ce a raina, da wannan za su riƙe bayin Allah har Yola? Gara ni da na yi shiri. Na cire takalmi, na sassauta ɗankwali, na naɗe ƙafa ɗaya a kan kujera, na kwance ƙullin dambu. Na miƙa wa Hajiya ta ɗiba ta yi godiya. Na ce mata, "Ci a hankali, Hajiya, tafiya na gaba." Ta yi dariya. Na ɗauka daɗin dambun ne.

Ban ci rabin rogona ba sai na ji jirgi yana yin ƙasa. Na runtse ido na koma salati. Ban buɗe ba sai da na ji tayoyi sun daki ƙasa. Aka yi wata magana da Turanci ta lasifika, mutane suka miƙe suna ciro jakunkuna. Na duba waje, rana tana nan inda na bar ta. Na ce ikon Allah, lallai jirgi yana da sauri, har mun kawo Gombe.

Hajiya ta taɓa ni. "Mama, an iso fa. Bismilla."

Na janye ƙafa na ba ta hanya. Na ce, "Je ki yi sallarki a tsanake, 'yata. Bar jakarki nan, zan tsare miki wuri."

Ta sake fashewa da dariya, ta ce, "Kai, Mama akwai barkwanci!" Ta ɗauki jakarta ta wuce. Na ce oho, wasu ba su yarda da mutane ba.

Kowa ya fita, sai ni kaɗai. Na ji daɗin fili, na miƙe ƙafa a kan kujerar Hajiya, na ci gaba da cin rogona. Sai ga ɗaya daga cikin 'yan matan jirgin, wata siririya mai jin Hausa.

"Mama, ki sauka mana. An zo."

"An zo ina?"

"Yola."

Na dube ta sama da ƙasa. Na ce, "'Yar nan, kin taɓa zuwa Yola kuwa?"

Ta ce, "Kusan kullum, Mama."

Na ce, "To ni tun kina goye nake zuwa. Ina Jos? Ina Bauchi? Ina duwatsun Kaltungo? Ina gadar Numan? Ko kin ji mun ƙetare gada? Nan Gombe ce, kuma ni ba na sauka a Gombe."

Ta ce, "Mama, ai ta sama muka wuce su duka."

Na ce, "Ta sama ko ta ƙasa, rogon nan tun a Kano na fara cin sa, ga shi ban gama ba. Yaushe aka taɓa zuwa Yola a kan rogo ɗaya?"

Ta kira 'yar'uwarta, suka yi ta Turanci suna danne dariya. Masu shara suka shigo da tsintsiyarsu ta lantarki, suka tsaya suna kallo. Yarinyar ta ce jirgin wani gari zai wuce, fasinjoji suna jira. Na ce shi ke nan, irin abin da 'yan kamasho suke yi ne: su sauke tsohuwa a rabin hanya su sayar da kujerarta. Na hango kaina tsaye a Gombe ni kaɗai, babu Malam da zai riƙe wuyan direba, gobe da safe a raɗa wa yaro suna, hular kakansa tana cikin jakata a wani gari. Na jawo jakar na rungume a ƙirji, na ƙara ɗaure ɗamarar da hannuna. Na ce, "Wallahi sai dai ku ɗauke ni da kujerar."

Yarinyar ta leƙa ƙofa ta yi magana da wani. Sai ga wani dogon mutum ya shigo, da hular kaki, da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, da wasu manyan takalma baƙaƙe. Ya tsaya daga ɗan nesa ya sunkuyar da kai, bakinsa yana motsi. Kunnena a toshe, ban ji komai ba sai gunguni. Na ce lallai shugaban 'yan kamashon ne aka kira.

Na ce, "Kai kuma da me ka zo? Buɗe baki ka yi magana, ka tsaya kana ƙunƙuni kamar wanda ya ci bashin mai kunu!"

Ya matso, ya miƙo hannu biyu zai karɓi jakata. Jakar da hular Malam take ciki! Ban san lokacin da na ɗaga maficina na sauke masa a bayan hannu ba. Tas! Har masu shara suka zabura.

Na ce, "Sake taɓawa ka gani! Kai ba ka da uwa a gida? Dube shi, ƙato da kai, ido a tsakar ka. Ba ka san ko ni wace ce ba. Surukina babban ma'aikaci ne a filin jirgin Yola. In na isa na gaya masa abin da kuka yi mini a Gombe, duk sai kun bar aikin nan!"

(Hajara, ki rubuta duka. Tunda na fara, ba abin da zan rage.)

Bakina cike da rogo, ɗankwali ya zame, furfura a waje, ƙafa a kan kujera, na ci gaba. Na ce, "Surukina yaro ne mai tarbiyya, ba irinka ba. Bai taɓa tsayawa a kaina haka ƙerere ba. Lokacin da ya zo neman Rabi, marigayi cewa ya yi ya cika rama, kamar ba ya ƙoshi, anya zai iya ciyar da mace? Ni na tsaya masa! Na ce ko sillen kara ne shi za a ba. Kwana da kwanaki ban sa wa Malam man shanu a miya ba sai da ya yarda. Ka je ka tambaya!"

Na ga 'yan matan nan sun juya baya, kafaɗunsu na rawa. Sai mutumin ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya zare safa. Ya cire hula. Ya durƙusa a tsakanin kujeru, a nan kan hanyar wucewa.

Idona ya sauka a kan ƙafafunsa. Babban ɗan yatsan ƙafar hagu mai lanƙwasa, da tabon tsohon ciwo a idon sawu. Ƙafafun da na shekara da shekaru ina gani ta ƙasan labule.

Na haɗiye rogon da ke bakina da ƙyar. Ina haɗiyewa kunnuwana suka buɗe, fat! Abu na farko da na ji a duniya shi ne muryar Baban Ummi, a hankali, kansa a ƙasa:

"Inna, barka da hanya. Ki sauko, an iso."

Jama'a, da jirgin nan yana da rami da na shige. Na nemi mayafina na rasa, ashe a kansa nake zaune. Na jawo zanen da na ƙulle dambu da shi na rufe fuska, garin dambu ya zubo mini a ka. Kuma ga kalmar da ya faɗa. Ba wanda ya taɓa gaya masa, amma maganar Malam ce sak, ba ragi ba ƙari. Sai kuka ya ƙwace mini, kunya da kewa suka haɗu wuri ɗaya, na rasa wanne nake yi wa. Yarinyar jirgin da na gama yi wa rashin mutunci ita ta durƙusa ta sa mini takalmi, tana cewa, "Yi haƙuri, Mama, yi haƙuri."

Saukowa daga matattakalar nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, ta fi Yako zuwa Yola a mota. Abokan aikinsa suna tsaye a ƙasa, don ya gaya musu surukarsa za ta zo, sun taru su gaishe ni. Suka ga ya sauko da takalma a hannu, ni ina biye da shi da zanen dambu a ka. Wani daga cikinsu ya ce, "Sannu da zuwa, Mama. Ya Gombe?" Ashe har ƙasa ana jin muryata.

A mota na zauna a baya na manne da ƙofa. Muka kama hanya har muka yi nisa. Can sai ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi, ya ce, "Inna, kin san gonar Baba ta hayin rafi?" Na ce uhm. Ya ce, "In rafi ya cika, ai sai kun zagaya ta gada, ku ɓata rabin safiya. Amma balbela in ta tashi daga kan garkenku, kafin a ƙifta ido tana gonar. To haka jirgi yake. Mota tana zagaye ta Jos da Bauchi da Gombe, shi kuwa miƙewa yake yi. Ga shi kuma ba rami, ba shingen 'yan sanda, ba lodin masara."

Na ce uhm. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Sannan ya ƙara da cewa, "Maganar man shanu kuwa, Inna, ban taɓa sani ba. Allah ya saka da alheri."

Na ƙara cusa kaina cikin zane.

Da muka isa gida shi bai faɗa wa kowa ba, Allah ya yi masa albarka. Rabi ce ta ga shatin mafici a bayan hannunsa, ta ga dambu a kaina, ta tsare ni da tambaya har na faɗa da bakina. Ta yi dariya har tana riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Inna, ki bari, jego nake!" Ummi da ƙannenta kuwa suka samu abin wasa. Su jera kujeru a tsakar gida, ɗaya ta zauna ta rungume jaka tana cewa, "Ina gadar Numan?"

Washegari da safe aka raɗa suna. Ina daga cikin ɗaki na ji maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan Malam a ƙofar gida, sunan da ni ban taɓa furtawa ba. Aka kawo mini yaron. Na kwance sabon zanen nan na ciro hular Juma'a, har yanzu da ƙanshin turarensa, na ɗora masa. Ta rufe shi har haɓa, ya yi atishawa a ciki. Mata suka sa guɗa. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba a kan zanen goyonsa. Na ce, "Maigida, ga hularka na kawo. Saura kaɗan in tsaya da ita a Gombe." Tun daga ranar Maigida nake ce masa, kuma duk wadda ta ɗauke shi sai ta nemi izinina.

Da na gama kwanakina za ni gida, a jirgi aka sake sa ni. Wannan karon na ce ba za a yi da ni ba. Ban kwance ko ƙulli ɗaya ba. Ina jin tayoyi sun taɓa ƙasar Kano na kwance ɗamara, na ɗora jaka a ka, na miƙe na nufi ƙofa, jirgi yana ta gudu. Sai ga 'yan matan jirgi suna ɗaga hannu suna ihu, "Mama, zauna! Zauna!" Na ce ku dai ba a iya muku. In an zauna ku ce a sauka, in an tashi ku ce a zauna.

Yanzu a Yako duk mai shirin hawa jirgi sai a ce ya zo wurina neman shawara, don tsokana. Ni kuwa ina ba su tsakani da Allah. Nakan ce kar ku dafa rogo, ba za ku gama ci ba. In sun ce awa ɗaya, to yau dai gaskiya suka faɗa. Mata tsarata kuma nakan ja su gefe in ce, kunya abu ne mai kyau, ban ce ku bari ba. Amma ranar da surukinku ya zo gaisuwa, ku ɗan ɗaga labule ku saci kallon fuskarsa ko sau ɗaya. Ba kullum za ku same shi ba takalmi ba.